An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Yadda Esi da Hitar Wata Golf Suka Lalace a Ƙasar Taura

Motar Golf 3 ce wagon, irin wadda kamfanin Volkswagen ya fara fitarwa a 1993. Ta gama rayuwarta ta farko a Turai, ta shigo ta Kwatano kamar dubban 'yan'uwanta. Mai ita wani dattijo ne ɗan kasuwar hatsi a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, direban kuma ɗan ƙanensa ne. Ran Lahadi tana jigilar 'yan kasuwar Gujungu, wata Alhamis ɗin ta leƙa Maigatari, sauran ranaku ta yi lodin Ringim ko Kano. Amma inda kuɗi yake shi ne shata: kai amarya, kai mara lafiya asibiti, ɗauko baƙi. Mai shata kuwa a watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, ba ya fara tambayar lafiyar taya. Esi, wato na'urar sanyaya cikin mota, zai tambaya.

A wata bazara sanyin esin ya soma raguwa. Iska na fitowa da ƙarfinta, sai dai ba ta da ɗanɗanon sanyin da aka sani, kuma gwargwadon nisan tafiya gwargwadon ɗuminta. Da safe, daga tashi zuwa 'yan mintuna, lafiya lau. Da inji ya ɗauki zafi sai abin ya sauya. Akwai kuma wata alama da kowa ya gani amma ba wanda ya haɗa ta da matsalar: in aka ƙure fanka, wasu ɓurɓushin soso baƙi-baƙi kan yi tsalle daga ramukan iska su faɗa kan fararen kayan fasinja. In ka murza su da yatsa sai su zama gari mai danƙo. Direban ya ɗora laifin a kan ɓera, don a gindin rumbu motar take kwana.

Zuwa wajen mai gas

Abin da kowa ke yi shi ya yi. Ya kai ta wajen mai gyaran esi na bakin titi, aka ce gas ne ya yi ƙasa, aka ƙara. Ba a ga wani canji ba. Bayan 'yan makonni ya koma wajen wani, shi ma ya jona tukunyarsa ya ƙara, ba geji ba sikeli, da tafin hannu kawai yake auna sanyin bututu. Daga nan wani sabon hali ya ɓullo: in motar na tsaye a tasha da rana, kwamfireso, wato famfon da ke matse gas ɗin esi, ya riƙa kamawa yana saki, ƙas, ƙas, inji yana rawa.

Kuskuren farko yana cikin yadda mutane suka ɗauki gas. Da yawanmu muna ganin kamar fetur ne, ana ƙona shi yana ƙarewa. Gas ɗin esi kewayawa yake yi cikin rufaffiyar hanya, ba ya zuwa ko'ina. Kwamfireso, wanda bel ke juyawa daga inji, shi ke matse shi har ya yi zafi sosai. Daga nan ya shiga kondensa, wato faffaɗan lagireton nan siriri da ke gaban lagireton ruwa, iskar hanya da fanka su kwashe zafinsa ya koma ruwa-ruwa. Sai ya ratsa wata 'yar gwangwani mai tsotse laima da datti, ya iso wata matsattsiyar kafa. Yana fita daga kafar matsin da ke kansa ya faɗi, ya soma tafasa cikin wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye bayan dashbod, wato lagireton sanyi. Gas ɗin da ke cikin irin wannan mota R-134a ne, kuma in ba matsi a kansa yana tafasa ne a wajen digiri 26 ƙasa da sifili. Duk abin da zai ƙafe dole ya ja zafi daga abin da ke kusa da shi. Dalilin sanyin ruwan randa ke nan: ɗan ruwan da ke tsatsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa, yana tafiya da zafin na ciki. A mota, zafin iskar da fanka ta turo ake ja. Gas ɗin ya koma kwamfireso, a sake zagaye.

To in gas ya ragu, akwai inda yake zurarewa, kuma aikin mai gyara shi ne nemo wurin, ko da ruwan sabulu ne. In kuwa bai ragu ba aka ƙara, an cutar da motar. Kowace mota tana da nauyin gas ɗinta da giram, yawanci a rubuce jikin wata takarda ƙarƙashin banet. Wanda ya wuce ƙima yana sa matsi ya hau fiye da yadda kondensa za ta iya saukewa, musamman a tsaye da tsakar rana, sai makunnin kariya ya yanke wutar kwamfireso don kada wani abu ya fashe. Wannan shi ne ƙas-ƙas ɗin da direban ke ji. Kafin ya je wajen masu gas ciwo ɗaya motar take da shi. Ya dawo da biyu.

Wata 'yar magana a gefe: motocin da suka girmi wannan R-12 suke sha, wanda aka daina saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan kare sararin samaniya, sababbin motocin Turai kuma sun koma R-1234yf. Ba a cakuɗa su, man kwamfireson ma ba iri ɗaya ba ne. Mai motar da bai tambayi abin da ke cikin tukunyar mai gas ba yana sayen abin da bai sani ba.

Abin da kowane maɓalli ke taɓawa

Nan ne zuciyar lamarin, kuma nan ne na ga yawancin direbobinmu, har da waɗanda suka shekara ashirin kan sitiyari, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu bayani.

A gaban direban Golf 3 akwai abin murɗawa uku da maɓallan esi. Kowanne aikinsa daban, ba ruwan wani da wani. Na fanka ƙarfin iska kawai yake ƙarawa ko ragewa. Mai hotunan mutum da kibiya yana zaɓar inda iskar za ta fita: fuska, ƙafa, ko gilashin gaba. Maɓallin da aka rubuta AC shi kaɗai ke da alaƙa da kwamfireso, yana ba wani maganaɗisu wuta ya manne kan kwamfireson da fulin da bel ke juyawa, kuma ba zai kama ba sai fanka na kunne. Alamar kibiya mai lanƙwasa tana rufe ƙofar iskar waje, motar ta riƙa juya ta ciki.

Saura mai launin shuɗi da ja. Kusan kowa ya ɗauka in ka murɗa shi zuwa shuɗi kana ƙara wa esi ƙarfi ne, in ka koma ja kana kunna wata hita mai aiki da lantarki. Ko ɗaya ba haka ba ne. Waya ce ta ƙarfe a bayansa, irin ta birkin keke, tana jan wani ƙyaure cikin akwatin iska. Duk iskar da fanka ta ɗebo sai ta fara ratsa lagireton sanyi. Bayansa hanya ta rabu biyu: ɗaya ta miƙe zuwa ramuka, ɗayar ta bi ta cikin wani ƙaramin lagireton, na hita, wanda ruwan inji mai zafin kusan digiri 90 ke kewayawa a cikinsa. Ƙyauren ne ke raba iskar tsakanin hanyoyin biyu. Shuɗi ya toshe hanyar zafi, ja ya tura komai ta cikinta, tsakiya a gauraya.

A wasu motocin akwai famfon da ke tsayar da ruwan zafi in ba a buƙatarsa. A irin wannan Golf ɗin ruwan yana kewayawa ne kullum, bazara da hunturu. Ke nan tsakanin fasinja da zafin inji ba komai sai wannan ƙyauren. Shi kuwa falle ne na ƙarfe mai manyan huji, aka lulluɓe shi da soso siriri tun daga kamfani. Sananniyar lalura ce a Golf 3 da Golf 4 cewa in shekaru suka ja soson yakan ruɓe ya zube. Abin da ke faɗa wa fasinja a riga ke nan. Ƙyauren na motsi yadda ya kamata, wayarsa lafiya, amma ya zama rariya. Iskar da esi ya sanyaya tana kutsawa ta hujin, ta shafi lagireton hita, ta fito da ɗumi. Shi ya sa da sassafe, kafin ruwan inji ya yi zafi, komai ke tafiya daidai. Wannan alamar kaɗai ta isa ta wanke gas daga zargi, da an tsaya an saurari direban.

Gyaran da ya yi aiki, da abin da ya ci

Wani bakanike a garejin da ke kusa da su, ba ma mai esi ba, shi ya lura cewa tiyo biyun da suka ratsa bangon inji zuwa cikin mota suna da zafi ƙwarai. Ya zare su, ya haɗa bakinsu da guntun bututu, ruwan ya riƙa zagayawa a waje bai shiga lagireton hita ba. Nan take esi ya dawo. Ya kuma sassauta bakin gas ya zubar da wani abu daga ciki, ƙas-ƙas ɗin ya ragu.

Ba zan ce bakaniken bai san aiki ba. Shi ne mutum na farko da ya gano cewa zafi ne ke shigowa, kuma ya kashe wutar gaban mai mota da kuɗi kaɗan. Abin da ya faɗa wa direban ne nake da ja a kai, domin magana ce da ake maimaitawa a kowane gareji: wai hita kayan Turawa ce, ba ruwan ƙasar zafi da ita. Da wannan hujjar dai aka cire wa motar tamostat tun da daɗewa, lokacin da ta taɓa yin obahitin, wato inji ya yi zafi fiye da ƙima. Tamostat ɗan murfi ne da ke hana ruwa zuwa babban lagireto har sai inji ya kai zafin aikinsa, tsakanin digiri 85 da 90. Cire shi ba ya gyara lagireton da ya toshe ko fankar da ba ta tashi. Yana dai sa inji ya daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai fiye da ƙima, ya riƙa cin jikinsa a hankali.

Bazara ta wuce lafiya. Damina ce ta fara kawo lissafin.

Wani dare cikin Agusta suna dawowa daga kasuwa ruwa ya kece. Motar cike, mutum biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, kowa a jiƙe, an ɗaga gilasai. Esi a kashe yake, domin tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 direban ba ya kunna shi sai ga mai shata. Ƙofar iskar waje kuwa a rufe take tun lokacin ƙura, ba a sake taɓa maɓallin ba. Numfashin mutum bakwai da laimar tufafinsu ba su da mafita, suka kwanta a jikin gilashin da ruwan sama ya sanyaya. Gilashin gaba ya yi fari fat daga ciki. Waifa na ta kaiwa da komowa a waje a banza. Direban na tuƙi da hannu ɗaya yana goge gilashi da hularsa, fitilar wata babbar mota ta watsu a kan gumin, ya kauce, tayoyin dama suka sauka daga kwalta motar ta nutse cikin taɓo a bakin wata gonar gero. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Sai da gari ya waye aka turo ta.

Maganin wannan gumin yana nan a gaban direban, da motar na da lafiya. Lagireton sanyi ba sanyaya iska kaɗai yake yi ba, yana matse laimar da ke cikinta. Ruwan da kake gani yana ɗiga ƙarƙashin mota in esi na aiki shi ne wannan laimar, ba wani abu ne ya fashe ba. Tun da iska sai ta bi ta sanyi kafin ta isa hita, in ka kunna AC, ka murɗa kaɗan zuwa ja, ka buɗe ƙofar iskar waje, ka juya iskar zuwa gilashi, abin da zai fito busasshiyar iska ce mai ɗumi, mai lashe gumi cikin ɗan lokaci. Mutane na ganin kunna esi da hita tare kamar wauta ce. Alhali don a yi hakan ne aka jera su a wannan tsarin. A wannan motar kuwa an yanke hita, kuma ƙyauren da ke tura iska zuwa gilashi shi ma sosonsa ya zube, iskar na watsewa ta ko'ina.

Dattijon ya ɗauki abin a matsayin tsautsayi, ba a taɓa motar ba. Sai hunturu. A ƙasar nan in Disamba da Janairu suka kama, sanyin asuba kan sa mutum ya kasa riƙe buta. Aka tashi direban ya ɗauko wata mai jego da jaririnta daga asibiti da sassafe. Ya murɗa abin har ƙarshen ja, iskar da ta fito ta fi ta waje ciwo. Tsohuwar da ta yi rakiya ta ce a tsaya a samo garwashi a kasko a ajiye a ƙasan mota. Ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, wannan ba zai yiwu ba." Kuma ya yi daidai: gawayi a rufaffen wuri yana fitar da iskar guba marar wari da ke sa barci ta kashe, jariri kuma shi zai fara tafiya. Da bargo da zannuwa aka lallaɓa har gida.

Da ya dawo ya sami dattijon a zaure. "Baffa, motar nan fa sai an buɗe gabanta. Yau kunya ta kama ni." Dattijon ya tambaya ko ba gas za a ƙara ba. Ya ce, "Wallahi Baffa, gas ya gaji da mu."

Buɗe dashbod

Kano suka kai ta, wajen wani dattijon mai esi da ba ya sauri. Kafin ya ɗauki sifana sai da ya sa direban ya ba shi labari daga farko. Da aka zo kan ɓurɓushin soso ya ɗaga hannu. "Ɗana, tun yaushe yake fitowa?" Da ya ji tun kafin sanyin ya ragu ne, ya ce a fara kwance dashbod.

Aiki ne mai cin yini, shi ya sa masu gyara da yawa ke gudunsa: a cire sitiyari, a zare wayoyi, a sauke dashbod ɗin gaba ɗaya kafin a kai ga baƙin akwatin roba. Da aka buɗe, ƙyamaren na nan tsirara, ƙarfe da huji, ɗan ragowar soso ya manne a gefe kamar ƙanzo. Fuskar lagireton sanyi ta toshe kusan rabi da wani abu kamar tabarma: ƙurar hunturu, ƙaiƙayi, busasshen ganyen darbejiya da soson kansa, duk laima ta dama su. Ta ramin da ke gindin gilashin gaba, ƙarƙashin waifa, suke shiga. Ɓeran da aka zarga bai bar ko kashi ba.

Lagireton hita da aka yi watanni ba a amfani da shi, da aka zura masa ruwa ta baki ɗaya, abin da ya fito ta ɗayan jan laka ne. Shekara da shekaru ruwan rijiya da na burtsatse ake ɗura wa motar. Irin wannan ruwan yana barin gishiri da tsatsa, kuma hanyoyin cikin lagireton hita sun fi na ko'ina ƙanƙanta, su ke fara toshewa. Ruwan kulan mai launi da ake sayarwa a galan ba don ƙanƙarar Turai kaɗai aka yi shi ba, yana hana tsatsa, yana kuma ɗaga zafin da ruwa zai kai kafin ya tafasa. Mai gyaran bai yarda da tsohon lagireton hitar ba, ya ce in ya huje daga baya sai an sake sauke dashbod, kuma ruwan zafi ne zai zubo wajen ƙafar mutane. Aka sayo wani a kasuwar Ƙofar Ruwa.

Ya wanke ƙyamaren, ya toshe hujin da tef mai jure zafi, ya manna sabon soso a gefuna don su riƙa rufewa ruf. Ya mayar da tiyo biyun mazauninsu, ya sa tamostat, ya wanke lagireto da kondensa. A nan ne aka gano abin da ya jawo tsohon obahitin ɗin: makunnin da ke tayar da fankar lagireto ya mutu, wani ya haɗa ta kai tsaye da waya. Aka sauya shi. Sannan ya kwashe gas ɗin da ke ciki duka, ya jona injin zuƙe iska ya bar shi yana aiki, ya kashe ya zuba wa allurar geji ido ya ga ko za ta motsa. Bayan haka ya ɗora tukunya kan sikeli ya zuba abin da takardar motar ta ce, bai ƙara ko kaɗan ba.

Kuɗin wannan aikin ya fi na kowane zuwa da aka yi a baya, amma in aka haɗa gas ɗin da aka saya a banza, da ladan masu turo mota daga taɓo, da shatar da ta kuɓuce a lokacin da labari ya bazu cewa esin ba ya sanyi, dattijon mai motar da kansa ya ce lissafin bai yi masa daɗi ba.

Kafin su tafi mai gyaran ya zaunar da direban a kujerarsa ya sa shi ya murɗa kowane abu yana faɗin abin da yake ji ya motsa. Ya ce in motar ta sha rana a tsaye, ya fara sauke gilasai ya yi 'yar tafiya zafin ya fita, sannan ya kunna esi ya rufe iskar waje. A hanyar burji ko bayan tirela mai hayaƙi ma ya rufe. Amma in mota cike take da mutane a doguwar tafiya, ya riƙa buɗewa lokaci-lokaci, domin numfashin da ake juyawa yana kawo nauyin kai da gyangyaɗi, direba kuma ba ya cikin waɗanda aka yafe wa. Ya ce ko a hunturu ya riƙa kunna esi na 'yan mintuna duk mako, saboda man kwamfireso tare da gas yake zagayawa, robobin da suka daɗe ba su ga mai ba kuwa bushewa suke yi su soma yoyo.

Abu ɗaya ya rage. Akwai damshin mai a hancin kwamfireson, bayan fuli, alamar robar wurin ta fara gajiya. Gejin bai nuna zurara mai yawa ba, mai gyaran ya ce za ta iya kai su wani lokaci, amma ranar da sanyi ya sake raguwa a nan za a fara dubawa, kada kowa ya ƙara gas kafin a gani. Dattijon mai motar ya ce a bar shi sai ya sayar da riɗin da ya ajiye.